Yadda Injiniya Baha'uddeen Ya Gyara Rediyon Unguwa

A duk faɗin Agadas mutum ɗaya ne ke kiran Baha'uddeen da sunan Injiniya, kuma mutumin nan shi ne Baha'uddeen. Ya taɓa zuwa Yamai wani ɗan gajeren horo na koyon odinata, wato kwamfuta, ya dawo da jakar ratayawa, da tabarau wanda ba na magani ba, da wata irin tafiya ta mai sauri zuwa inda ba a jiransa. Tun daga nan in salular wani ta ƙi kamawa a majalisar shayi, sai ya miƙa hannu ya ce, "Kawo, ƙaramin abu ne." Yawancin salulolin da suka shiga hannunsa ba su sake damun masu su da ƙara ba.

Abu ɗaya ne a rayuwarsa da babu cika baki a ciki, shi ne son da yake wa Nana Khadija, ɗiyar Elhadji Alkasum mai gishiri da dabino. Yana sonta har cikin ransa, ita ma ba ta ƙi shi ba. Matsalar tana wurin Elhadji, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana bin ayari zuwa Fachi da Bilma, bai kuma taɓa sayen buhu bai zura hannu ya taɓa ƙasansa ba. Da aka kai masa maganar, cewa ya yi, "Yaron yana da baki, na ji. Ya nuna mini aikin da ya iya, sannan ya turo manyansa."

To, a unguwarsu akwai wani ƙaramin gidan rediyo, ɗaki biyu da dogon ƙarfe a bisa soro. Ba don waƙa ake kunna shi ba, don sanarwa ne, ta suna da ta aure da ta rasuwa. Tun da Malam Illiya mai karanta sanarwar ya tsufa ya koma sayar da ganyen shayi a bakin kasuwa, sai Zulaiha, ɗiyar kawun Baha'uddeen, wadda ita ta yi karatun odinata na gaske, ta rubuta wani tsari. Ta naɗi muryar Malam Illiya guntu-guntu, da buɗewa da addu'ar rufewa ta kowace irin sanarwa. In mutum ya kawo tasa, sai a naɗi sunaye da wuri da lokaci kawai, a danna lamba: ɗaya suna, biyu aure, uku rasuwa. Odinata ta haɗa guntayen da kanta, ta saki sanarwar da hantsi, ta maimaita bayan azahar.

Ana nan sai biki ya kama Zulaiha a Damagaram. Ta nemi wanda za ta bar wa makulli ta rasa, sai ɗan uwanta. Ta tsare shi a bakin ƙofa ta ce, "Baha, ka naɗi sunaye, ka danna lamba, ka share ƙura. Cikin odinata kuma kada ka taɓa shi, don Allah, don darajar iyaye."

"Haba Zulaiha, wa kike gaya wa? Tahi abinki."

Motarta ba ta kai ga fita gari ba ya isa ƙofar gidan Elhadji Alkasum. Dama ya ji labarin Elhadji ya gama gina sabon ɗakin ajiyar kaya, kuma gobe bayan la'asar zai yi walimar godiya a ƙofar gida. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya bari sai da majalisa ta cika, sannan ya kaɗa makulli a yatsa.

"Baba Elhadji, gidan rediyo yanzu yana hannuna. Gobe duk Agadas za ta ji sunanka yadda ba a taɓa jin na kowa ba."

Elhadji ya dube shi ta saman kofin shayi. "Rediyon nan ai ba shi da sanarwar walima."

"Ba shi da ita don ba a samu injiniya ba. Zan sa ta. Kuma akwai wani bara da nake da shi cikin odinata, in na ce yi, ya yi."

"To, Allah shi kai mu goben," in ji Elhadji, ya ci gaba da shan shayinsa.

Baran da yake faɗi wani mataimaki ne mai ƙirƙirarriyar basira da Zulaiha take aiki da shi. Ba shi da fuska ko murya, baƙin allo ne kawai da fararen haruffa. Ka rubuta masa abin da kake so, shi kuma ya shiga cikin rubutun tsarin ya karanta, ya canza, ya gwada. Baha'uddeen ya sha ganin Zulaiha tana aiki da shi, abin da kuma ya fi ba shi haushi shi ne yadda take tsayawa tana karanta duk abin da ya rubuto, sai ka ce ita ce barar.

Washegari da sassafe ya buɗe ɗaki, ya naɗe hannun riga, ya zauna. Ya rubuta cikin Hausa mai haɗe da Faransanci cewa yana son a ƙara sanarwar walima yanzu-yanzu.

Mataimakin ya amsa cikin ladabi. Ya ce ya fahimta, amma yana ba da shawara a fara ware kwafi a gefe a yi aikin a kansa, in wani abu ya lalace na asali yana nan. Ya tambaya ko ya yi hakan.

Baha'uddeen ya ja tsaki. "Ji mugun baki! Ba a fara ba kana maganar lalacewa?" Ya rubuta: a'a, a kan na asali za a yi.

Mataimakin ya ce to. Ya ce zai ba walima lamba huɗu, tunda ɗaya zuwa uku suna da masu su. Ya tambaya ko ya ci gaba.

A nan ne fa ran Injiniya ya ɓaci da gaske. Huɗu? Elhadji Alkasum, mutumin da in ya shigo masallaci ake matsa masa a sahun gaba, shi za a ajiye a ƙarshe, bayan jarirai, bayan amare, bayan matattu? In maganar nan ta fita, da wane ido zai dubi surukinsa na gobe? Ya buga maɓallai da ƙarfi: walima ita ce ɗaya. Suna ya koma biyu, aure uku, rasuwa huɗu. Babba babba ne ko a cikin na'ura.

Mataimakin ya rubuto cewa lambar ba ta nufin girma, kuma babu mai saurare da zai taɓa jin ta. Ya ƙara da cewa akwai sanarwa biyu da Zulaiha ta riga ta karɓa, suna jiran fita da tsofaffin lambobinsu, in aka canza jerin za su fita da rigar da ba tasu ba. Ya tambaya ko ya nuna masa su.

"Kai, wannan bara akwai surutu!" in ji Baha'uddeen. Ya tuna akwai wata kalma da ake rubutawa ta hana shi tambayar izini a kowane taki, wadda Zulaiha ta ce ko da wasa ba ta amfani da ita. Ya rubuta ta yana murmushi, ya ce a ransa mata dai akwai tsoro.

Haruffa suka yi ta gudu a allo. Can sai wasu layuka suka fito ja wur. Mataimakin ya ce gwaje-gwajen da Zulaiha ta ajiye don tsaron tsarin sun faɗi, suna nuna sanarwa tana haɗuwa da addu'ar da ba tata ba. Baha'uddeen bai son jan rubutu tun yana lakwal, wato makarantar boko, lokacin da malaminsu ke cika masa takarda da shi. Ya ba da umarni a goge gwaje-gwajen gaba ɗaya. Jan ya ɓace, mataimakin ya rubuto, "Yanzu babu gwajin da ya faɗi, domin babu gwajin da ya rage."

"Voilà!" in ji Injiniya. "Da ka yi haka tun farko."

Saura murya. Malam Illiya bai taɓa naɗar buɗewar walima ba, don haka Baha'uddeen ya jawo abin magana ya naɗi tasa, da kirari, da gyaran murya, da jan wasali. Sannan ya naɗi guntun tsakiya a natse: "Elhadji Alkasum mai gishiri da dabino. Yau bayan sallar la'asar, a ƙofar gidansa." Ya danna ɗaya, ya kulle ɗaki, ya tafi bakin kasuwa don ya ji kansa a cikin mutane.

Da hantsi rediyoyi suka buɗe, a shagon tela, a rumfar mai nama, a wuyan mai tura ruwa. Muryar Baha'uddeen ta cika titi: "Albishirinku jama'a! Ana gayyatarku walimar babban mutum, bangon gabas, inuwar baƙo!" Sunan Elhadji ya biyo baya lafiya lau. Baha'uddeen ya tsaya tsakiyar hanya yana dafa ƙirji, yana gaya wa duk wanda ya gifta, "Ni ne. Aikina ne wannan."

Sai muryar Malam Illiya ta shigo, tsohuwar murya mai nauyi da kowa ya yarda da ita. "Ana farin cikin sanar da haihuwar da aka yi wa Lukumanu ɗan Malam Bashir da Biba ɗiyar Habsa. Za a taru ranar Asabar da safe. Allah ya raya, Allah ya albarkaci abin da aka samu."

Tela ya tsayar da keke. Mai nama ya bar wuƙa a sama. Duk unguwa ta san ranar Asabar ne za a ɗaura auren Lukumanu da Biba.

Kafin mutane su rufe baki, muryar ta ci gaba. "Ana gayyatar jama'a ɗaurin auren Malam Ousmane majemi, mijin Iya Tabawa. Za a taru jibi da hantsi. Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari." Malam Ousmane kuwa shekararsa guda a ƙasa, jibi ne za a yi masa sadakar cikar shekara.

Baha'uddeen ya sauke hannu daga ƙirji a hankali. Tela ya ce, "Injiniya, yanzu ka ce aikinka ne?"

"Na farkon," in ji shi, ya kama hanya da sauri.

Ko da ya isa gidan rediyo ya tarar an riga shi. Habsa uwar amarya ta ɗaure gyale a ƙugu. Iya Tabawa, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, ta zo da taɓarya tana dogarawa, kuma kowa ya san ba don ciwon ƙafa ba ne. Tsakaninsu ga Malam Illiya, an jawo shi daga rumfarsa da awon shayi a hannu, yana ta rantsuwa.

"Wallahi ban hwaɗi ba! Ina zaune ina awo na ji kaina ina magana!"

"Muryar wa ce in ba taka ba?" in ji Habsa. "Ɗiyata ko lalle ba a sa mata ba, ka ce ta haihu! Dangin ango sun aiko suna tambayar namiji ne ko mace!"

Iya Tabawa ta hango Baha'uddeen yana ƙoƙarin ɓuya bayan wani jaki. "Kai mai tabarau, zo nan! An ce makulli na hannunka. Mutum na kwance shekara guda, ka tashe shi ka yi mishi aure? Da wa? A ina ya gan ta?"

Baha'uddeen ya gyara tabarau. "Iya, ki kwantar da hankalinki. Abin na rezo ne, wato hanyar da magana ke bi a iska. In rana ta yi zafi, maganganu kan narke a bisa ƙarfe su haɗe da juna."

"Shekara nawa ana rana a garin nan ba su narke ba sai yau?"

"Ta yau daban ce. Kuma kuran, wato wutar lantarki, ya yi rawa da safe."

"Kai ne za ka yi rawa," in ji Habsa. "In aka maimaita maganar nan bayan azahar, wallahi kai za ka sayi ragon sunan."

Malam Illiya ya riƙo hannunsa, idonsa ya kawo ruwa. "Ɗana, shekara da shekaru ina sanarwa ban taɓa kashe mai rai ko in aurar da matacce ba. Ka cire ni daga cikin akwatin nan."

"Pas de problème," in ji Baha'uddeen. "Kafin azahar komi ya koma daidai. Ƙaramin abu ne." Ya shige ɗaki ya danna sakata, gumi yana bin bayansa.

Mutanen kudu suna da wani karin magana, wai gyaran gangar Abzinawa, gyaran da ke ƙara ɓata abu. Mu nan, da mu ne Abzinawan, ba mu taɓa yarda da shi ba, muna cewa sharri ne irin na maƙwabta. To, ranar nan dai Baha'uddeen ya ba su hujja.

Ya rubuta wa mataimakin cewa ya kunyata shi a gaban jama'a. Mataimakin bai yi musu ba. Ya ce hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da tsarin yadda Zulaiha ta bar shi, don ta ajiye tarihinsa, sannan a sa walima a lamba huɗu. Ya ce aikin ba zai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba.

Baha'uddeen ya yi tsaki. A koma baya? A sauko da Elhadji daga ɗaya zuwa huɗu bayan an riga an ɗaga shi? Wannan ai ya fi na farko muni. Ya tashi ya zagaya ɗakin, ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, sai fuskarsa ta washe. Ai abin a fili yake! Ya tura komi gaba da taki ɗaya, shi ya sa aka samu matsala. Magani shi ne a ja komi baya da taki ɗaya. Ya zauna ya rubuta: kowace sanarwa da ke jira, a rage mata lamba ɗaya, duka, ba togiya.

Mataimakin ya fara rubuto cewa ƙari ake bukata ba ragi ba, kuma tsofaffin biyu kawai. Baha'uddeen bai bari ya kai aya ba. Ya rubuta da manyan haruffa cewa shi ne injiniya, kuma daga yanzu amsa ɗaya yake so, "An gama."

Haruffa suka gudu, suka tsaya. "An gama," in ji allon. A ƙasa kuma ga wani layi da ya fara da "Amma ka sani". Abin da layin ke cewa shi ne, sanarwar da ke lamba ɗaya ba ta da inda za ta ja baya, don haka ta zagaya ta faɗa ƙarshen jeri, kuma yana roƙon a saurare ta kafin a sake ta. Baha'uddeen bai karanta ba. Shi a ganinsa bara mai cewa "amma" bai gama koyon ladabi ba. Ya kashe allon, ya leƙa ta taga ya ga mutane sun watse, ya tafi gida shirin walima.

Ya yi wanka, ya sa babbar riga mai ruwan bula da ya aro wurin abokinsa, ya fesa turare har kaji suka bar tsakar gida. Bayan sallar azahar ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya tsaya a shagon tela don ya karɓi yabo.

Rediyo ya buɗe da muryar Baha'uddeen, kirari da duka, tana gayyatar jama'a walimar Lukumanu da Biba. Ba daidai ba ne sosai, amma dai babu jariri a ciki. Ya ɗaga gira ya dubi tela. "Ka ji aiki?"

Sai Malam Illiya: "Ana farin cikin sanar da haihuwar da aka yi wa Malam Ousmane majemi, mijin Iya Tabawa. Allah ya raya."

Tela ya kifa kai a bisa keke, kafaɗunsa suna rawa. Daga can cikin lungu aka ji wata ƙara, da ƙarar taɓarya tana dukan ƙasa tana matsowa. Baha'uddeen ya tattare riga zai gudu, sai muryar ta sake shigowa, wannan karon a hankali, da irin nauyin da ke sa mutum ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun yi rashin Elhadji Alkasum mai gishiri da dabino. Za a taru yau bayan sallar la'asar, a ƙofar gidansa. Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta."

Tela ya ɗago, dariya ta bushe a fuskarsa. "Allahu akbar. Mutumin da ya gayyace mu walima da hantsi! Duniya kenan." Wani ya ce a kira salularsa a ji. Aka kira, ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Ba wanda ya san Elhadji ya bar ta a gida tana cin wuta, ya tafi bayan gari tarbar kamiyon, babbar motar da ta ɗauko dabino daga Bilma.

Baha'uddeen ya ruga gidan rediyo, ya tarar Iya Tabawa ta tsaya a ƙofar kamar an dasa ta.

"Iya, matsa, rai ne a ciki!"

"Rai? Wanda na haihwa? Da hantsi ka aurar da mamaci, da azahar ka ce na haihu! Ni da jikokina ke aurar da ɗiya! Mata sun cika mini gida da barka, wata har da sabulu!"

"Iya, bari in shiga in gyara."

"Ka ƙara gyarawa? In ka taɓa akwatin nan, da la'asar sai ka ce an kai ni lakwal!" Ta ɗaga taɓarya. Baha'uddeen ya auna tsawonta, ya auna faɗin ƙofa, ya juya ya nufi gidan Elhadji da gudu, riga tana kama iska.

Kafin ya isa an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Tabarmin walima ne dama, sai dai waɗanda ke kai sun sunkuyar da kai suna jan carbi. Ƴan kasuwa sun rufe shaguna, maƙera sun kashe wuta, wasu samari sun riga sun tafi aro magirbi. Kowa na tambayar yadda abin ya faru, kuma kowa na da amsa. Wani ya ce mota ce, wani ya ce buhunan gishiri ne suka rufto masa, wani ya ce shi dama ya ga alama a fuskarsa tun jiya.

Baha'uddeen ya faɗa tsakiyarsu yana haki. "Jama'a, bai mutu ba! Elhadji bai mutu ba!"

Wani dattijo ya kama hannunsa ya zaunar da shi. "Haka ne, ɗana. Mutumin kirki ba shi mutuwa, aikinsa na nan."

"A'a, ina nufin yana da rai! Lamba ce ta zagaya!"

"Ta kowa za ta zagayo," in ji dattijon. "Ku ba shi ruwa. Shi ne mai neman ɗiyar, abin ya taɓa shi."

Aka ɗura masa ruwa, aka shafa masa a fuska, aka yi ta ba shi haƙuri. Yana cikin fizge-fizge sai ya ji kuka daga cikin gida, ya kuma gane muryar. Nana Khadija ce take kiran "Baba, Baba", da muryar da bai taɓa jin ta da ita ba. Nan ya daina fizge-fizgen. Duk ranar bai ji kunya ba, tsoron taɓarya kawai ya ji, amma yanzu kunya da baƙin ciki suka rufe shi har ya kasa ɗaga kai. Shi ne ya sa ta wannan kuka, da hannunsa, kuma ya sani.

Ana cikin haka, dab da la'asar, kabu-kabu mai babur ya tsaya a bakin tabarmi. Elhadji Alkasum ya sauko daga bayan moto da ƙullin dabino a hannu, ya ga taro ya yi murmushi, a zatonsa ƴan walima ne suka yi sammako.

"Salamu alaikum. Kai, kun riga ni!"

Na bakin tabarma suka ja da baya da gindi. Dattijon nan ya saki carbi. Wani mai kiɓa ya tashi zai gudu ya taka farantin shayi, ya zame, ya tafi da mutum biyu.

Elhadji ya duba hagu ya duba dama, ya ji kukan cikin gida, fuskarsa ta canza. "Subhanallahi. Wa ya rasu?"

Sai tela, wanda ya biyo sahu, ya ce a hankali, "Kai ne, Elhadji."

"Ni?"

"Rediyo ya hwaɗi. Da muryar Malam Illiya."

"Ba ni ba ne!" in ji Malam Illiya daga can baya, inda ya zo ta'aziyya shi ma, don ko shi da ya ji muryarsa sai da ya yarda.

Labari ya shiga gida. Nana Khadija ta fito a guje ba ko takalmi, idanu sun kumbura, ta riƙe rigar ubanta da hannu biyu tana taɓa fuskarsa, tana kuka tana dariya. Elhadji ya dafa kanta ya yi ta lallashi har ta natsu, sannan ya ce ta koma ciki ta gaya wa uwarta a bar kuka a duba tukunya. Da za ta shiga ta juyo ta dubi Baha'uddeen sau ɗaya. Ya so ƙasa ta tsage.

Elhadji ya cire takalmi ya zauna a tsakiyar tabarma, daidai inda ake zama karɓar gaisuwa. Kafin ya buɗe baki Iya Tabawa ta iso da taɓaryarta, Habsa na biye, suka zazzage nasu a gaban kowa. Elhadji ya saurara har ƙarshe, sannan ya yafito Baha'uddeen da yatsa. Injiniya ya matso da gwiwoyi.

"Baba Elhadji, abin na fasaha ne. Baran nan ne na cikin odinata..."

"Wanda in ka ce yi, ya yi?"

"Shi."

"To mi ka ce mishi?"

"Na ce ya sa ka a gaba. Shi huɗu ya so ya ba ka, bayan kowa. Ni na ƙi. Don girmanka na yi, wallahi."

"Bai ce maka komi ba?"

"Ya... yana da yawan magana."

Dariyar da mutane ke dannewa tun ɗazu ta ɓalle. Har dattijon carbi sai da ya share hawaye. Elhadji kam bai yi dariya ba, ya ɗauki dabino ɗaya ya ɓare, ya duba cikinsa, ya ci.

Mai hankali da nan zai tashi ya nemi takalmansa. Amma Baha'uddeen ya ga an yi dariya, ya ɗauka gari ya yi sanyi. Ya ƙara matsowa, ya rage murya, ko da yake kowa na ji.

"To Baba, tunda dai Allah ya sa kana nan da ranka, kuma ka ga yadda sanarwata ta tara maka jama'a... maganar turo manyan nawa fa?"

Elhadji ya ajiye ƙwallon dabino a gefen tabarma.

"Wurin wa za su zo? Ni na rasu tun azahar, duk gari ya ji. Mamaci ba shi ba da ɗiya."

Aka kira la'asar, aka yi salla, aka fito da abincin walima. Mutane suka yi ta ci suna yi wa Elhadji barka da dawowa. Baha'uddeen ya koma can gefen bango ya tsaya cikin rigar aro, yana kallon ƙofar zaure ko Nana Khadija za ta leƙo. Har aka naɗe tabarmi ba ta leƙo ba.